Makauniyar Tocila

Asabar, ƙarfe uku da kwata na dare

Littafin aiki na gidan ruwa layi ɗaya yake ba mai gadi kowane dare. A layin daren Alhamis na rubuta "Ba abin da ya faru," na sa hannu. Wannan littafin kuwa nawa ne, ragowar wanda matata Auta take rubuta awon ɗinki a ciki. Nan ba mai karantawa, ba kuma mai cewa layina ya ƙare.

Yau kwana biyu ke nan da Baba ya fita bai dawo ba. Baba surukina ne, mahaifin Auta. Shekara huɗu yana zaune da mu, tun da mantuwa ta kama shi. Daren Alhamis ya zare sakata ya fita, Auta tana barci, ni ina nan bakin aiki. Da asuba ta tarar da shimfiɗa ba kowa. Tsohon baƙin kwat ɗinsa na gadi ba ya jikin ƙusa, tocilarsa ma babu.

An duba kasuwa, an duba asibiti biyu, an zazzage tasha. Kowa ya fi ƙarfafa tasha, don kullum maganarsa ita ce zai tafi gida wurin innarsa, wadda ta rasu tun ba a haife ni ba.

Ɗan sandan da ya ɗauki bayani ya tambaye ni ko Baba ya zo nan, tunda a nan ya yi gadi shekara talatin. Na ce a bakin babbar ƙofa na kwana, ba wanda ya zo babbar ƙofa. Gaskiya na faɗa masa. Ba wanda ya zo babbar ƙofa.

Lahadi, ƙarfe biyu na dare

Bari in rubuta zancen sababbin kayan aikin nan.

Wata biyu da suka wuce ɓarayin waya suka addabe mu, sai manaja ya kawo mana na'ura mai gani cikin duhu. Ana ɗaura ta a ka, ta sauko kan ido, duniya ta koma kore shar. Abokin aikina, wanda muke kira Sarkin Barci saboda ko a tsaye yana iya minshari, shi ya raɗa mata suna Mujiya. Tare da ita aka kawo wata tocila. Ranar farko na danna makunni na ga ba ta kawo wuta ba, na ce wa injiniyan da ya zo koya mana an damfari manaja. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce haskenta infirared ne, idon mutum ba ya ganinsa, sai wanda ya sa Mujiya. Na sa, na danna. Wallahi fili ya washe kamar an kunna fitilar mota. Na cire, duhu dunɗum. Ita kuma muka sa mata Makauniya.

Doka uku ya kafa mana. A kashe fitilun bayan tankuna, don haske mai ƙarfi yana makantar da Mujiya. Kada a kunna tocilar gargajiya. Kada a yi magana. Kai kana ganin ɓarawo, shi ba ya ganin ka, sai ka laɓe ka kira ofis.

Na ji daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Shekara goma sha biyu ina haska tocila kamar mai tallan kaina ga ɓarayi. Da na ba Baba labari a gida, ya daɗe yana kallona, ya ce, "To mai gadin da ba a ganin sa, wa zai zo wurinsa?" Na ce ai haka ake so, Baba. Ranar yana cikin hayyacinsa, har ya gane ni.

Litinin, bayan azahar

Auta ba ta ci komai ba yau ma.

Talata, ƙarfe huɗu saura na asuba

Sau ɗaya zan rubuta wannan, ba zan sake ba.

Daren Alhamis ni kaɗai ne, Sarkin Barci yana hutu. Wajen ƙarfe biyu na sa Mujiya na zagaya bayan tankuna. Can ƙarshen fili akwai tsohon tafki da aka daina amfani da shi, gefensa siminti ne mai santsi, kainuwa ta rufe ruwan har mutum ya ɗauka ƙasa ce. Bayansa shingen waya ne, inda ɓarayi suka yanka ba a gyara ba tukuna. Na danna Makauniya na haska wajen.

Abu yana tsaye. Fari fat daga wuya har gwiwa, farin da ban taɓa ganin irinsa a jikin tufa ba. Idanunsa biyu suna ƙyalli kamar na kyanwa. Bai gudu ba, bai laɓe ba, kuma ɓarawo ba ya sa farin kaya. Yana fuskantar ni sosai amma kamar bai san ina nan ba. Sai ya ɗaga hannu ya sauke, ya ɗaga ya sauke.

Tun ina sabon zuwa ake cewa wani lebura ya taɓa nutsewa a tafkin nan. Ban taɓa ɗaukar zancen da muhimmanci ba sai daren. Na karanta duk abin da ya zo bakina, na ja da baya har ɗakin gadi, na danna sakata. Ban kira ofis ba. Me zan ce musu, in zama abin dariya har in yi ritaya?

Da gari ya waye na leƙa daga nesa, ba komai. Shi ne na rubuta abin da na rubuta. Ina komawa gida na tarar da mutane cike a ƙofa.

Abin nan fari ne. Baba baƙin kwat ya sa. Ba su da haɗi.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Auta ta wanko hoton Baba guda hamsin. A ƙasa ta sa aka rubuta: dattijo, dogo, yana ɗan ɗingishi, sanye da baƙin kwat. Ni na bi gari ina mannawa. Kowane bango na tsaya na karanta layin ƙarshe, kamar ba ni na manna na baya ba.

Wani mai faci ya ce ya ga irinsa yana hawa mota. Wata mai shago ta ce ya sayi ashana a wurinta ranar Juma'a. Duk wanda ya ce ya gan shi sai in ji kamar in rungume shi.

Alhamis, ƙarfe biyu na dare

Sati guda. Ban zagaya bayan tankuna ba. Ba abin da ya faru.

Juma'a, ƙarfe ɗaya da rabi na dare

Baba ne ya samar mini aikin nan, shi kuma ya koya mini. Masifaffen malami ne. In ya kama ka kana gyangyaɗi ba zai tashe ka ba, sai ya ɗauke takalminka ya rataye a saman tanki. Ni sau biyu na koma gida ba takalmi, lokacin ina neman auren 'yarsa, ga kunya ga ƙaya.

A zamaninsu ba waya, da tocila suke magana. Wanda ya zo karɓar aiki zai tsaya daga nesa ya haska sau uku, ma'ana ni ne, na gida ne. Na ciki ya amsa da biyu, ma'ana na gan ka, taho. In ba a amsa maka ba ba ka motsawa, sai ka sake ukun, don kada ɗan'uwanka ya ɗauke ka ɓarawo ya sauke maka kulki. Baba ya manta sunana, ya manta matarsa ta rasu, wani lokaci Auta ma yaya yake ce mata. Amma in aka ɗauke wuta a gida na haska masa uku daga tsakar gida don tsokana, kafin in sauke hannu ya amsa da biyu. Sai ya ce, "Ka makara, yaro."

A lokacinsu ƙofar ma'aikata ta baya ce. Daga baya aka toshe ta aka yi wannan babbar.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Asabar, da magariba

Na tambayi Sarkin Barci a kaikaice ko ya taɓa ganin wani abu ta cikin Mujiya. Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Na ga ɓera yana kallona da raini, na ga manaja yana fitsari a jikin katanga." Na ce ina nufin abin da ba mutum ba. Ya kalle ni ya ce, "Kai, ka je ka yi barci. Idanunka sun faɗa kamar na mai jinya. Ni da ake zagi da barci ka taɓa jin na ga aljani?"

Na yi dariya don ya ƙyale ni.

Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, a gida

Yau hutuna. Auta ba ta kwanciya a ɗaki, a bakin ƙofa take zama, ta bar ta a buɗe. Har yanzu tana zuba abincin Baba a kwanonsa ta rufe, da safe ta ba maƙwabta. Keken ɗinki ya yi shiru kwana goma, masu kaya sun gaji sun daina aike.

Akwai wani abu da take juyawa a tafin hannu cikin duhu. Ƙas, ƙas, kamar ƙananan ƙarafa biyu suna gugar juna. Na ɗauka kwarkwaron zare ne na keke. Na ce, "Auta, mene ne wannan?" Ta dunƙule hannu ta ce, "Ba komai, Malam. Kwanta."

Mu biyu a gida ɗaya, kowa da "ba komai" ɗinsa.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

An bugo waya daga wani gari mai nisan awa biyar, wai an tsinci dattijo a tasha bai san sunansa ba. Auta ta tafi da motar farko. Fuskarta ta yi haske yadda ban gani ba tun ranar. Har ta ɗauki hularsa da maganinsa. Ya Allah ka sa shi ne. Ban taɓa roƙon wani abu kamar yadda na roƙi wannan ba, kuma ni na san ba don ita kaɗai nake roƙo ba.

Laraba, ƙarfe biyar na asuba

Ya dawo. A'a. Bari in bi a hankali.

Ƙarfe ɗaya da wani abu ina tsaye a babbar ƙofa da Mujiya a kaina. Na haska Makauniya kan titin da ya taho daga babbar hanya. Sai ga shi yana tahowa, fari fat, idanu suna ƙyalli, a hankali, yana lalube da ƙafa. Sarkin Barci yana ciki yana aikin da ya saba.

Ban san abin da ya hana ni gudu ba wannan karon. Ina jin gajiya ce. Na fizge Mujiya daga kaina, na zaro tsohuwar tocilata daga aljihu, na karya doka biyu a lokaci ɗaya. Na haska na daka tsawa, "Wane ne nan?"

"Ni ce, Malam. Ka sauke, kana kashe mini ido."

Auta ce. Motar ƙarshe ta sauke ta a babbar hanya, ba abin hawa zuwa gida, sai ta taho wurina. Dattijon ba Baba ba ne. Ta ce gajere ne, kuma 'ya'yansa sun riga ta isa. Tana faɗa tana kallon ƙasa.

Ni kuwa mayafinta nake kallo. Baƙi ne wuluk, wanda na saya mata bara. Na ce ta tsaya a inda take. Na kashe tocila, na mayar da Mujiya, na danna Makauniya. Fari fat. Na cire na haska tocila. Baƙi. Na sake. Fari. Ta ce, "Wai me kake yi haka? Jikinka rawa yake yi." Na ce sanyi ne. Ta ce, "Cikin wannan zafin?"

Na shimfiɗa mata tabarma a ɗakin gadi. Tana nan kwance yanzu, ta juya wa bango fuska. Tagar ɗakin tana kallon bayan tankuna, na sa kwali na toshe ta.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na bugi injiniya. Na yi ta zagaye-zagaye, har na ce masa kamar Mujiya ta lalace, tana mayar da baƙi fari. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Rini ne. Baƙin da idonka yake gani, wannan hasken bai san da shi ba, ratsa rinin yake ya dawo. Yawancin baƙaƙen kaya farare suke fitowa. Ido kuma dole ya yi ƙyalli, na mutum da na dabba. Ban gaya muku ba ranar?"

Na ce bai gaya mana ba.

Ya ce, "Af, na sha'afa. Ai ƙaramin abu ne."

Alhamis, ƙarfe uku na dare

Sati biyu.

Na tashi Sarkin Barci na ɗaura masa Mujiya, na ba shi Makauniya, na tsayar da shi daidai inda na tsaya daren nan. Na ce ya haska ni, kada ya kashe sai na dawo. Ya ce, "Wannan kuma wane sabon hauka ne?" amma ya riƙe. Na taka na nufi wajen tafki. Ban kai ba, na tsaya kamar taku talatin kafin siminti, na juyo.

Ban ga komai ba. Ba ɗakin gadi, ba tankuna, ba Sarkin Barci. Ko tafin hannuna ban gani ba. Ƙarar injinan tura ruwa kawai, ita ma ba ka sanin ta ina take zuwa. Na san sarai akwai mutum a gabana yana haska ni tun daga kai har ƙafa, yana ganin maɓallan rigata. Ni kuma ina tsaye kamar an rufe ni a cikin tulu. Na ɗaga murya na ce, "Kana ganina?" Daga baya ya ce ya ga bakina yana motsi, amma injin bai bar shi ya ji ba.

Da na dawo ya ce, "Ka ganka kuwa? Fari tas kamar gawa." Sai ya ga fuskata. Bai koma barci ba har asuba.

Juma'a, ba na duba agogo

Na ce sau ɗaya zan rubuta, amma wancan rubutun da saura.

Na ce ya ɗaga hannu ya sauke. Ban faɗi sau nawa ba. Uku ne. Ya tsaya, ya sake uku. Ya tsaya, ya sake uku. Na ƙirga, da bakina na ƙirga. Akwai abu a hannun, ɗan dogo, amma ba haske a jikinsa, shi ya sa na ce wa kaina ba tocila ba ce.

Kuma ban ja da baya nan take ba. Na kai minti biyar ina kallon sa. Tocilata tana aljihun dama, na ji nauyinta a cinyata.

Da na shiga ɗaki na ƙure rediyo.

Asabar, bayan la'asar

Da rana tsaka na je har taku talatin ɗin nan na dawo. Kainuwa ta rufe ko'ina, lumui, kamar ba a taɓa taɓa ta ba.

Lahadi, ƙarfe goma na dare, a gida

Auta ta haɗa jaka. Gobe za ta tafi garin da aka haifi Baba, tafiyar kwana biyu, ta ce daga can za ta bi tasha tasha har ta dawo. Ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Da tana ninke kaya jiri ya ɗebe ta, ta dafa keke. Na ce ta bari ta ƙara ƙarfi. Ta ce, "Yana can wani wuri yana jira a zo a ɗauke shi. Ka san shi, in an ce ya tsaya ba ya motsawa."

Na sani.

In na yi shiru za ta tafi, ta dawo, ta sake tafiya, har ta faɗi a wata tasha inda ba wanda ya san ta. In na yi magana ban san ko za ta sake kallon fuskata ba. Tsoro nake ji, tsoron da ya fi na daren nan. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin tsoron matata ba sai yau.

Litinin, ƙarfe shida na safe

Na faɗa mata.

Ta sa takalmi ta ɗauki jaka, na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Ajiye, Auta. Ba ya tasha." Na fara daga Mujiya, na bi da Makauniya, da rini, da tsohuwar ƙofa. Ina ta bayanin na'ura kamar injiniya, don in jinkirta isa wurin. Ta ce, "Malam, ka faɗi abin da za ka faɗa."

Na ce, "Ya zo. Ya tsaya a bakin tsohon tafki ya yi mini uku. Na gan shi, ban amsa ba. Na shiga ɗaki na kulle."

Ta zauna a kan jakar. Na jira ihu, na jira zagi, da ta ɗauki almakashi ma ba zan kauce ba. Sannan ta ce, "Ka ce ba haske a hannunsa?"

Na ce babu.

Ta kwance bakin zaninta ta buɗe tafin hannu. Batir biyu ne, manya, irin na tocilar Baba.

"Ranar Laraba na cire," in ji ta. "Ya dame ni da tashi cikin dare yana cewa ya makara aiki. Na ce in ba haske ba zai fita ba. Ko gwadawa bai yi ba, Malam. Ya ɗauka ya sa a aljihu kamar kullum."

Na durƙusa a gabanta. Ban taɓa ta ba, ita ma ba ta taɓa ni ba. Can ta ce, "Da ya haska, da ka gane shi?" Na ce da na gane shi. Ta ce, "Da ka haska, da ya taho?" Na ce da ya taho. Ta gyaɗa kai kamar an gaya mata awon riga.

"Kwana goma sha takwas," in ji ta. "Kana kallona ina wanko hoto."

Ta miƙe ta ce in kira manaja, a kawo masu janye kainuwa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

An same shi.

Laraba, da dare

Igiyar tocilar tana naɗe a wuyan hannunsa, makunnin a danne. Sarkin Barci ne ya kwance ta, ya wanke ta a famfo, ya kawo mini cikin leda.

Na ba ɗan sanda bayani na biyu, ya rubuta shafi uku. Manaja ya ce in je gida sati guda, za su zauna a kaina. An gyara shingen a yini ɗaya.

Gida cike da mutane. Kowa yana cewa Allah ya sa ya huta, ina amsawa. Auta tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwata. Ba ta kallona. Ba na cewa ta yi laifi.

Alhamis, bayan sati guda, ƙarfe biyu da rabi na dare

Na dawo aiki. Ba su kore ni ba, takardar gargaɗi suka ba ni, wai saboda ban kira ofis ba. Dokoki ukun suna nan daram, an ma buga su an manna a bango, an ƙara ta huɗu a ƙasa: baƙin kaya yana iya fitowa fari.

Da zan fito daga gida Auta tana kan keke, karon farko. Ba ta ɗago ba. Sai da na zo nan na sa hannu a aljihun kwat na ji nauyi. Batiran nan biyu ne. Ban san lokacin da ta sa su ba, ban kuma san me take nufi ba, ko yafiya ce ko hukunci. Na buɗe tocilata na zare nawa na zura su. Daidai suka shiga.

Ƙarfe biyu na ce wa Sarkin Barci ya cire Mujiya, zan kunna haske. Ya buɗe baki zai yi maganar doka, sai ya fasa. Ya cire ta ya ajiye a kan benci, ya miƙe tsaye, ya gyara hularsa.

Na je inda na tsaya daren nan. Ba komai a bakin tafki, ba fari ba baƙi. Sun kwashe kainuwar, ruwa ne kawai.

Na haska sau biyu.

Na daɗe a tsaye, ban san me nake jira ba. Wanda zai ce mini na makara ba ya nan. Na dawo na buɗe littafin aiki, na rubuta abin da na yi da lokacin da na yi shi, na sa hannu. Gobe ma zan yi, su rubuto takarda ta biyu.